Sanƙarau a Makarantun Kwana: Bayani ga Iyayen Ɗalibai a Bagudo

Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Nau'in da ke yin annoba a ƙasarmu ƙwayar bakteriya ce ke haddasa shi, kuma tana yaɗuwa ta tari, atishawa da zama kusa da juna. Mutane da yawa suna ɗauke da ita a maƙogwaro ba tare da sun yi ciwo ba.

Bagudo na cikin yankin sanƙarau da ya tashi daga Senegal zuwa Habasha, haka ma arewacin Benin. Zirga-zirgar kasuwa da zumunci ta Lolo da Tsamiya na nufin ɓarkewar cutar a tsallaken iyaka ta shafe mu. Lokacinta daga Disamba ne zuwa Yuni, saboda ƙura da busasshiyar iska na raunana hanci da maƙogwaro. A Maris 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26, galibinsu a Gwandu, Jega da Aliero.

Ɗakin kwanan ɗalibai ne wurin da ya fi haɗari: yara da yawa, gado manne da gado, tagogi a rufe, kofi ɗaya a bakin randa.

Alamomin su ne zazzaɓi kwatsam, matsanancin ciwon kai, amai, sandarewar wuya, ƙin haske, ruɗewa ko farfaɗiya. Sukan bayyana kwana 2 zuwa 10 bayan kamuwa. Kuskuren da muka fi gani shi ne a ɗauka maleriya ce, a ba yaro farasitamol ya kwanta sai da safe. Cutar na iya kisa cikin awa 24. Kada a jira wuya ya sandare. Ɗalibin da zazzaɓi ya sa ya fara sambatu ko ya kasa tashi, a kai shi babban asibiti mafi kusa a daren, a kira iyayensa a hanya. Maganinta allurar ceftriaxone ce, kuma likita kan ɗebi ruwan laka don gwaji. Iyaye na tsoron wannan gwajin, amma shi ke nuna nau'in ƙwayar. Cikin waɗanda suka warke, kusan ɗaya cikin biyar kan samu nakasa kamar kurumta, don haka a duba jin yaro kafin ya koma aji.

Akwai rigakafi. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, wadda ke kare nau'o'in A, C, W, Y da X. Tsohuwar allurar MenAfriVac nau'in A kaɗai take karewa, saboda haka wanda aka yi wa ita yana ƙarami bai tsira daga sauran ba.

Kafin a kai yaro makaranta, a tambayi shugabanta: yara nawa ne a ɗaki, wa ke duba mara lafiya da dare, kuma akwai motar kai shi asibiti? Ko ɗalibi ɗaya aka yi zargi, makaranta ta sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar.