Daga Ajuji zuwa karnen awo

Duk malamin da ya daɗe yana kiran suna a aji ya taɓa cin karo da Ajuji, ko Abarshi, ko Ayashe. Sunayen wabi ke nan. Idan mace tana haihuwa 'ya'yan suna komawa, sai a raɗa wa na gaba sunan wulaƙanci, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Ni ban ɗauki wannan jahilci zalla ba. Kakanninmu sun lura cewa abin da ya sami ciki ɗaya yakan dawo wa na bayansa. Dalilin ne ya ɓace musu.

Dalilan sun fito ɗaya bayan ɗaya. A 1940 Landsteiner da Wiener suka gano rukunin jini na Rhesus a Amurka, aka fahimci yadda jinin uwa kan yaƙi na ɗan da ke cikinta, abin kuma ya fi tsanani a cikin da ke biyo baya. Allurar rigakafinsa ta fito a 1968. Sai hawan jini, ciwon suga, tunjere, da masassarar cizon sauro da muka sani sarai da damina. A 2015 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara bincike daga ƙasashe masu arziki: macen da ɗanta bai zo da rai ba, haɗarin maimaituwa ya ninka mata kusan sau biyar. Duk da haka, cikin ɗari biyu zuwa uku ne abin ya sake samu.

A Nijar, awon ciki ya zama kyauta a 2006, zamanin Tandja Mamadu. A 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da ganin ma'aikacin lafiya sau takwas maimakon huɗu.

Inda gizo ke saƙar, ungozomar likita ba ta duba, da labarin cikin da ya wuce take hasashe. Wata nawa ne? Motsi ya tsaya kafin naƙuda, ko a cikinta? Ƙafafu sun kumbura? Mu kuwa a nan Kelle, ɗan da bai yi kuka ba a binne shi ba suna, a ce wa uwa ta yi haƙuri, a rufe zancen. Ranar awo kunya ta hana ta faɗa, karne ya tafi ba komai a rubuce. Alhali da wannan layi guda ake yanke shawarar ta tare kusa da likitar Gure tun watan haihuwa bai kama ba, ko a tura ta Damagaram.