Me Ya Sa Iska Ke Kayar da Ƙananan Jiragen Sama Lokacin Sauka?

Jama'a da yawa na ɗauka ƙarfin iska ne kaɗai ke kayar da jirgi. A gaskiya abin da matuƙi ya fi tsoro shi ne inda iskar ta fito, da kuma yadda take juyawa ba zato ba tsammani.

Jirgi ya fi son ya sauka yana fuskantar iska, domin tana riƙe fukafukansa kuma tana rage masa gudu. Matsalar tana zuwa ne in iskar ta bugo daga gefe. Sai ta riƙa tura shi waje da titin sauka, ko ta ɗaga fiffike ɗaya, ɗayan ya kartu da ƙasa. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172, mai kujeru huɗu, iskar gefe da kamfanin ya gwada shi da ita ba ta wuce wajen kilomita 28 a awa ba. To ku kwatanta da iskar da ke gabatar hadari a nan Gaya, wadda ke kwashe kwanon ɗaki ta karya reshen mangwaro.

Wannan iskar ce ta fi haɗari a yankinmu. A watannin Mayu da Yuni hadari kan taso daga gabas, ƙura na gabansa, kafin ɗigon farko ya faɗo. A ƙarƙashin irin wannan gajimare akwai iskar da ke zubowa ƙasa da ƙarfi ta watsu ko'ina. Jirgin da ya shiga cikinta, da farko sai ta buge shi ta gaba ta ɗaga shi, matuƙi ya rage wuta. Cikin ƴan daƙiƙoƙi kuma ta koma bayansa, fukafukai su rasa abin riƙewa, ga ƙasa kusa. Hunturu kuwa nasa ya fi ga hazo mai rufe ido.

Manyan jirage ma ba su tsira ba. Ranar 22 ga Janairun 1973, wani Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda ya yi haɗari yana sauka a Kano cikin iska mai ƙarfi, mutum 176 suka rasu. Haka ranar 29 ga Oktoban 2006, juyin iska ya kayar da jirgin ADC jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato. A ciki ne Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu, Allah ya jiƙan su.

A Yamai akwai ma'aikatan ASECNA da ke gaya wa matuƙi ƙarfin iska da inda ta dosa kafin ya sauka. A ƙananan filayen karkara kuwa, galibi titi ɗaya ne, ba zaɓin fuska, kuma abin dogaro shi ne ƙyallen nan mai kamar hannun riga da ake ratayewa a sanda. In matuƙi ya ga abin bai yi ba, sai ya fasa, ya ƙara wuta ya zagayo, ko ya nufi wani filin. Wannan ba tsoro ba ne, haka aka koya masa.

Shi ya sa in kun ga jirgi yana zagaye ya ƙi sauka, kada yara su ruga bakin filin kallo, makiyaya kuma su janye dabbobi nesa. Jirgin da iska ta ture, gefen titi yake nufa, daidai inda ƴan kallo ke tsayawa.