DAGA DIGA ZUWA TEBURIN ZANE: TARIHIN DOGO A IDON ƊAN KOYO

'Yan'uwana ɗalibai, ni ba ɗalibin Hausa ba ne, injiniyanci nake karantawa, saboda haka in an ga tuntuɓe a rubutuna a yi mini afuwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata shida da na yi ina koyon aiki a wani ofishin masu zanen hanyoyi da gadoji a Mando, nan Kaduna, inda aka sa ni a ƙarƙashin wani dattijon injiniya wanda ya yi ƙuruciyarsa a aikin reluwe.

Aikin farko da ya ba ni shi ne in lissafa faɗin kwalbatin da za ta wuce da ruwan wani rafi a ƙarƙashin dogo. Na yi lissafi na kai masa ina taƙama. Ya duba, ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin rafin nan a watan Agusta?" Na ce, "A'a, ranka ya daɗe." Ya ce, "To, ka zana wa rani kwalbati, damina kuwa za ta zo ta kwashe dogon da jirgin." Sa'an nan ya jawo wani tsohon zane na hanyar Kaduna zuwa Zariya, ya ce in tafi in koyi karanta shi tukuna. Daga wannan takarda ne na faɗa cikin tarihi.

Asalin hanyar nan ba daga Ikko ta taso ba, kamar yadda da yawanmu muke zato. Daga Baro ta taso, wani gari a bakin kogin Kwara. A shekarar 1907 gwamnatin Ingila ta yarda a shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano, mil 356, aka kuwa turo Sir Percy Girouard ya zama gwamnan Arewa. Shi wannan mutum injiniyan soja ne ɗan Kanada, wanda ya riga ya yi suna wajen ratsa hamadar Sudan da dogo a 1897. Wanda ya tsaya a kan aikin kuwa shi ne John Eaglesome, shugaban ma'aikatar ayyuka. Dabararsu ita ce jiragen ruwa su hauro da ƙarafa daga bakin teku idan kogi ya cika, a sauke a Baro, don kada Arewa ta dogara da hanyar Ikko. Dogo ya iso Kano a watan Maris na 1911, zamanin Sarki Abbas. A 1912 aka haɗe shi da na Ikko, wanda ya taras da shi a Minna, suka zama hukuma guda. Daga nan Baro ta fara mutuwa, don ɗan kasuwa ba ya jiran kogi ya cika.

Duk wanda ya iya karanta zane zai ga a jikin takardar nan cewa da tsumulmular kuɗi aka yi aikin. Jirgin ƙasa ba ya son hawa. Tudun da mota ba za ta ko ji shi ba, sai ya sa kan jirgi ya yi ta nishi. Injiniya yana da zaɓi biyu in ya ci karo da tudu: ko ya fasa shi, ko ya kewaye shi. Fasawa kuɗi ne, kewayewa araha. Su Girouard kewayewa suka yi ta yi, shi ya sa tsohon dogo ya cika lanƙwasa kamar tafiyar maciji, kuma lanƙwasa ita ce ke hana gudu. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu ma ƙarama suka zaɓa, ƙafa 3 da inci 6, watau milimita 1,067. Ba don fasinja ya isa da wuri aka yi ba. Masu masaƙu na Ingila auduga suke kwaɗayi, sai manoman Kano suka ba su gyaɗa, har aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama alamar birnin, irin su Alhassan Ɗantata suka yi arziki a cinikinta.

Akwai abin da zanen bai nuna ba. Yana da tsawon kowace gada da zurfin kowane rami, amma babu sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka haƙa. Ba katafila a lokacin. Diga ce da shebur da kwando a ka. Ta hannun sarakuna da hakimai ake ɗebo mutane daga ƙauyukan Nupe da Gwari da Zazzau da Kano, a kai su bakin aiki ko suna so ko ba sa so, a biya su da kuɗin Bature waɗanda a ƙarshe da su za su biya haraji. A nan ne ku 'yan sashen Hausa kuka fi mu abin tunawa, domin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda a idonsa aka ratsa ƙasarsa da dogo, ya bar mana Waƙar Diga. Ni dai a ganina duk ɗalibin injiniya ya kamata a tilasta masa karanta ta kafin a ba shi takardar shaida.

Kaduna kanta 'yar dogo ce. Wurin da hanya ta ƙetare kogi shi ya ja hankalin Lugga, aka taso da hedkwata daga Zungeru a 1917. Da hanyar gabas ta iso daga Fatakwal ta Kafanchan, sai garin ya zama mahaɗa. Rassa suka biyo baya: Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Ƙaramin dogon Zariya zuwa Jos, mai ƙafa 2 da inci 6, wanda aka yi saboda kuza, an rufe shi a 1957. Bayan Maiduguri sai aka yi shekaru masu yawa ba a ƙara wa Arewa ko taku ɗaya ba, manyan motoci suka ƙwace kayan, ciyawa ta rufe tashoshi.

Wata ranar Asabar maigidana ya ɗauke ni daga Mando muka tafi Rigasa, inda sabon dogon Abuja ya tsaya. Kilomita 186 ne, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, aka buɗe a watan Yuli na 2016. Tazararsa milimita 1,435, saboda haka jirginsa ba zai taɓa hawa tsohon dogo ba, ko da suna kallon juna. Ya nuna mini yadda ake ɗaga ƙarfen waje a wurin lanƙwasa don kada gudu ya jefar da tarago, da yadda tsakuwa ke riƙe dogo tana kuma tsiyayar da ruwa. Ya sa na lissafa miƙewar ƙarfe: mai tsawon mita 12, in zafi ya ƙaru da digiri 30, zai ƙara wajen milimita 4. Abin kamar wasa, amma in ba a yi masa tanadi ba rana ce za ta tanƙwara dogon.

A hanyar komawa na tambaye shi harin ranar 28 ga Maris, 2022, sa'ad da 'yan bindiga suka fasa dogon nan da nakiya, suka kashe fasinjoji, suka tafi da wasu daji, jirgi ya daina tafiya har watan Disamba. Ya yi shiru har muka kusa shataletalen Mando, sa'an nan ya ce su a makaranta an koya musu lissafin ruwa da rana da nauyin kaya, ba a koya musu lissafin mutanen da dogo ke ratsa gonakinsu ba tare da ya tsaya musu ba.

Ran Litinin na sake zana kwalbatin. Amma kafin in taɓa fensir sai da na hau babur na tafi ƙauyen, na sami wani tsoho a bakin rafin ya nuna mini da sandarsa inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin wata tsamiya. Ya ɗara lissafina na farko da kusan ƙafa 4.