Inabin Napa na 2020: yadda hayaƙin wutar daji ya shiga kwalbar dala 300

1/ Zare 🧵 kan wata tambaya da ta raba kan masu kuɗi a Amurka tun wajen 2023, lokacin da kayan suka fara fitowa kasuwa: shin mutum ya zuba dala 300 a kwalbar giyar inabi ta shekarar 2020, shekarar da wutar daji ta lulluɓe kwarin Napa da hayaƙi? Tarihin abin ya kai har zamanin Rumawa. Ku biyo ni.

2/ Kafin wani ya hau ni a ƙasa: ba tallar giya nake yi ba, hukuncinta a addini kowa ya san shi. Abin da ya ja hankalina labari ne na manomi da ɗan kasuwa da amana. Idan aibin kaya ba ya ganuwa sai bayan shekaru, wa zai ɗauki asara?

3/ Ita giyar inabi mai tsada ana rubuta shekarar girbinta a jikin kwalba. Gona ɗaya, itatuwa ɗaya, amma kayan bana daban da na bara, saboda ruwa da rana da sanyin kowace shekara. Masu saye kuma ba lallai su buɗe yanzu ba. Wani zai ajiye shekara 10 ko 20, wani ma don ya sake sayarwa da riba ya saya.

4/ Abin mamaki, Rumawa da gangan suke kai giya kusa da hayaƙi. Columella, marubucin harkar noma na ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya ba da shawarar a ajiye tulunan a bene saman inda hayaƙi ke tashi don ta yi saurin tsufa. Amma ya ce a ɗauke su daga baya kada hayaƙin ya yi yawa.

5/ Ba kowa ya ji daɗin dabarar ba. Pliny ya zargi 'yan kasuwar kudancin Faransa ta yau da rina giyarsu da hayaƙi, mawaƙi Martial kuma ya yi wa giyar Massilia, wato Marseille, ba'a saboda haka. Sai dai wancan hayaƙin tulu ya taɓa. Namu na yau ɗan inabin yake shiga tun yana rataye a jikin itace.

6/ Yaya aka yi Napa ta yi tsada haka? Ranar 24 ga Mayu 1976 wani Bature ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya shirya gasar ɗanɗano a Paris, alƙalan Faransawa, kwalaben a rufe ba suna. Aka tashi, sai ga giyar Kalifoniya ta zo ta ɗaya a ja da fara: Stag's Leap Wine Cellars da Chateau Montelena, duk na 1973. Daga nan farashin gonaki ya tashi. Zuwa 2019 tan ɗaya na inabin Cabernet na Napa ya kai kusan dala 8,000.

7/ Irin wannan farashin suna ne ke riƙe shi. Faransawa sun daɗe da gane haka. Gidan Château d'Yquem idan shekara ba ta yi ba sai ya ƙi fitar da komai da sunansa. Ya yi haka a 1972 da 1974 da 1992 da 2012, da wasu shekarun kafin su. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

8/ Matsalar hayaƙi a matsayin abin da kimiyya ta sa wa ido daga Ostareliya ta fara. A Janairun 2003 wuta ta ci dazukan arewa maso gabashin jihar Victoria da kewayen Canberra, daidai lokacin da inabinsu ke nuna. Gonakin da wutar ba ta ko kusanta ba suka yi girbi lafiya lau. Da aka tsima, sai giyar ta fito da ɗanɗanon tokar sigari.

9/ Cibiyar binciken giyar inabi ta ƙasar da ke Adelaide ta cika da samfura. Bayan nan Kristen Kennison da Kerry Wilkinson da abokan aikinsu suka rinƙa kafa tantuna a kan itatuwan inabi suna tura musu hayaƙin bambaro don su ga abin da ke faruwa. Daga 2007 sakamakon ya fara fitowa.

10/ Ga yadda abin yake. Idan itace ya ƙone yana sakin wasu sinadarai da ake kira fenol, fitacce a cikinsu gwayakol. Shi ne dai cikin abubuwan da ke ba kifin banda ƙamshinsa. A jikin kifi alheri ne. A jikin inabi kuwa, yana ratsa ɓawo ya shige ciki, wanki ba ya fitar da shi.

11/ Nan ne makircin yake. Ɗan inabin da kansa yana ɗaure sinadarin da sukari, kuma muddin yana ɗaure ba ya wari. Manomi zai tsinko ya tauna, ya ji zaƙi zalla. Sai an zo tsimawa wani kaso ya kwance. Wani kason ma sai ya shiga bakin mai sha, miyau ya kwance shi, can a maƙogwaro ya ji kamar ya lashi murhu.

12/ Shi ya sa jar giya ta fi cutuwa, don tare da ɓawon ake tsima ta, kwanaki ko makonni. Fara kuwa matsewa ake yi a zubar da ɓawo tun farko. Lokaci mafi hatsari kuma daga sanda 'ya'yan suka fara sauya launi zuwa girbi. Sabon hayaƙi mai kauri daga kusa ya fi wanda ya yi doguwar tafiya illa.

13/ Ƙarin rikici: gangar itacen oak da ake ajiye giyar a ciki babbaka cikinta ake yi da wuta, ita ma tana zuba gwayakol. Wasu irin inabin, kamar Shiraz, suna da ɗan nasu tun asali. Ga shi ma'aunin kashi kaɗan ne cikin biliyan. Kuma akwai mutanen da harshensu ba ya jin abin sam. Kun ga mutum biyu za su iya rantsuwa kan kwalba ɗaya, kowa da gaskiyarsa.

14/ Kalifoniya ta ɗanɗana a 2008. Tsawa ta kunna wuta a Mendocino a watan Yuni, hayaƙi ya zauna makonni a kwarin Anderson. Masu Pinot Noir da dama suka sayar da kayansu a sari ko suka canza musu suna suka karya farashi. Aka ɗauka tsautsayin shekara ɗaya ne.

15/ Oktoban 2017 wutar Tubbs da Atlas da Nuns suka tashi, mutane da dama suka mutu, unguwanni suka ƙone a Santa Rosa. Ta fuskar inabi an yi sa'a, kusan kashi 90 cikin 100 an riga an girbe. Amma abin da ya rage a gona mafi yawansa Cabernet ne, mai makara wajen nuna, kuma shi ne mai tsadar.

16/ A 2018 rigimar ta koma kan kwantiragi. Kamfanin Copper Cane na Kalifoniya ya soke sayen inabi wajen tan 2,000, na kimanin dala miliyan 4, daga manoman kwarin Rogue a jihar Oregon, ana dab da girbi, ya ce hayaƙi ya taɓa shi. Manoman suka musanta. Wasu gidajen giya na Oregon, ciki har da King Estate da Willamette Valley Vineyards, suka haɗu suka sayi wani kaso suka fitar da shi da sunan Oregon Solidarity.

17/ Ku lura fa: da yawan masu noman inabi ba su ne masu yin giyar ba. Suna nomawa ne su kai wa kamfani. Inabi kuma ba gero ba ne da za ka zuba a rumbu ka jira farashi. Idan mai saye ya juya baya ana saura kwana uku girbi, shi ke nan, a gona zai ruɓe.

18/ Sai baƙar bazarar Ostareliya ta 2019 zuwa 2020. Gidan Tyrrell's na kwarin Hunter, wanda ke harkar tun 1858, ya sanar da barin kusan kashi 80 cikin 100 na inabinsa. Clonakilla da ke kusa da Canberra ya ce ba zai yi giya da inabin gonarsa na shekarar ba gaba ɗaya. Wannan ita ce hanyar d'Yquem: a sha asarar shekara ɗaya a tsira da suna.

19/ To yanzu 2020 a Kalifoniya. Tsakiyar Agusta aka yi ruwan tsawa ba ruwan sama, dubban walƙiya cikin 'yan kwanaki. Wutar da aka kira LNU ta kama gabashin Napa da sassan Sonoma. Wannan karon girbi bai ma kankama ba. Ranar 9 ga Satumba sararin San Francisco ya koma ja da tsakar rana, kuna iya tuna hotunan.

20/ Waɗanda suka ce bari su jira iska ta gyaru, sai ga wutar Glass ranar 27 ga Satumba a cikin kwarin kansa. Ta ƙone gine-ginen gidajen giya irin su Chateau Boswell da shahararren gidan abincin Meadowood. A shekarar sama da eka miliyan 4 ta ƙone a jihar.

21/ Kowa ya ruga ɗakin gwaji. ETS da ke garin St. Helena, wanda yawancinsu ke dogara da shi, ya cika har sakamako na ɗaukar makonni. Wasu suka tura samfura har Kanada da Ostareliya. Shi kuwa inabi yana can yana wuce nuna. Mutane suka koma tsima 'yan kilo a bokiti don su ɗanɗana kafin su yanke shawara.

22/ Akwai waɗanda ba a cika ambatonsu ba idan ana zancen kwalbar dala 300: leburorin girbi, yawancinsu 'yan ci-rani daga Meziko. A Sonoma an ba gonaki izini na musamman su shigar da ma'aikata yankunan da aka kwashe jama'a saboda wuta. Wato hayaƙin da ake tsoron ya ɓata inabi, huhun wani ne ya shaƙe shi don a ceci inabin.

23/ Da aka yi lissafi, darajar inabin Napa na 2020 ta faɗi da kusan rabi idan aka kwatanta da 2019. Gidaje da dama suka ƙi fitar da jar giya ta shekarar. Wasu suka ce sun girbe kafin wutar Glass, gwaji ya wanke su, suka fitar a farashin da suka saba. Wasu suka juya kayan zuwa ruwan hoda, wanda ba ya daɗewa da ɓawo, ko suka sayar a sari.

24/ Akwai magani? Ana tacewa da gawayi na musamman ko da injin matsa ruwa ta siririyar tata. Suna rage warin, amma suna tafiya da wani ɓangare na launi da ƙamshin da aka biya kuɗi dominsu. Kuma kason da ke ɗaure da sukari ba ya fita duka. A 2023 ma Elizabeth Tomasino da tawagarta a Jami'ar Jihar Oregon suka nuna wani rukunin sinadarai masu farar wuta, tiyofenol, da ke da hannu a ɗanɗanon tokar, wanda gwajin da aka saba bai auna shi.

25/ Mu koma kan tambayar. A ganina cewa "2020 duk ta lalace" zalunci ne. Hayaƙi ba ya sauka daidai, tudu ɗaya zai sha, na gaba ya tsira, kuma wanda ya girbe farin inabinsa a Agusta ba ɗaya yake da wanda ya bar Cabernet har Oktoba ba. Amma cewa "babu komai" daga bakin mai sayarwa ita ma ba hujja ba ce.

26/ Takardar jikin kwalba shekara take faɗa, ba ta faɗin ranar girbi ko sakamakon gwaji. Masu wayo cikin masu saye abin da suka yi shi ne tambayar waɗannan biyun, su sayi kwalba ɗaya su gwada kafin su ɗauki katan, su kuma tambaya ko gidan zai karɓi kaya idan toka ta bayyana daga baya. Gidan da ya nemi cikakken farashi amma ya ƙi ɗaukar wannan alkawarin, ya ɗora cacar ne a kan mai saye.

27/ Wanda ya saya don ajiya ko jari shi ya fi shiga tasku, don ko kwalbarsa lafiya take, lambar 2020 ɗin kawai ta isa ta sa mai saye na gaba ya taya da rahusa. Ga kuma 2021 da ta biyo baya, girbi kaɗan saboda fari amma masu sharhi sun yaba ta ƙwarai. Itacen ba ya riƙe warin zuwa shekara ta gaba.

28/ Su kuwa manoma sun shekara huɗu suna jayayya kan wane gwaji inshora za ta yarda da shi. Daga kakar 2025 ma'aikatar noma ta Amurka ta fito da sabon tsari ga masu inabi a Kalifoniya: ana ƙidaya kwanakin da tauraron ɗan adam ya nuna hayaƙi mai kauri a kan gundumarka, idan sun kai adadin da aka yanka sai a biya, ba sai ka jira ɗakin gwaji ba.