Zangon Gana: Daga Lamunin Maigida Zuwa Takardar Zama

Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, ana cikin azumin Ramadan, gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ke zaune a Gana ba tare da takardar izinin zama ba wa'adin mako biyu: ko ya samo takarda, ko ya tattara nasa ya nasa ya san inda dare ya yi masa. Wa'adin ya cika ranar 2 ga Disamba. Cikin wata shida kimanin mutum 200,000 suka fice, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da Fulani, kuma da yawansu ba su taɓa taka ƙasar da aka ce su koma ba. Ni a ganina ba za a gane nauyin wannan rana ba sai an koma baya an ga yadda ake karɓar baƙo a can kafin zuwan takarda, domin akwai tsari, kuma ya daɗe yana aiki.

Goro ne ya fara kai kakanninmu Gwanja, da ke cikin Gana ta yau. Ayari zai tashi daga Kano ko Katsina, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, madugu na jagora, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata. Su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Yandi, sai bayan watanni su sauka Salaga, babbar kasuwar da goron Tonawa, mutanen ƙasar Kumasi, ke haɗuwa da kayan arewa. A kowace ƙasa aka shiga akwai garama, a kowane kogi akwai kuɗin fito. Iyakoki ke nan na wancan zamani, kuma madugu ne ke magana da sarakuna a madadin kowa.

Idan farke ya iso gari, ba ofis yake nema ba, gidan da zai sauka yake nema. Maigida zai fito zaure ya tambaye shi daga ina, ɗan gidan wa, wa ya nuna masa nan. In ya gamsu, sai ya ba shi ɗaki, ya sa a kai masa tuwo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta da masu gari. In an ba baƙo goro bashi, sunan maigida aka ba. In baƙo ya yi ɓarna, maigida sarki zai kira. In ajali ya riske shi, maigida ne zai yi masa sutura, ya ƙirga abin da ya bari, ya aika wa magada ta hannun ayarin da zai koma gida. Ladansa la'ada ce da kuma suna. Wato duk tambayoyin da jami'in shige da fice ke yi a yau, wane ne kai, me ya kawo ka, wa ya tsaya maka, maigida ya riga ya yi su tun a zaure, kuma shi da kansa ne amsar ta ƙarshe.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, fatake suka bazu zuwa Yeji da Kintamfo da Karaci, inda Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Da Turawan Ingila suka shiga Kumasi a 1896, suka kuma murƙushe tawayen 1900, sai zangon Kumasi ya bunƙasa. A Akara kuwa Malam Baƙo ya sami fili daga sarakunan Ga ya kafa Sabon Zango, daga baya Malam Amadu Futa ya kafa Nima. Turawa ba su rushe tsarin maigida ba, ɗora nasu suka yi a kai. Suka amince da Sarkin Zango, kowace ƙabila da nata sarki, shi ke sasanta rigima, shi ke tara haraji, shi ake tambaya in an ga sabuwar fuska. Mutumin Kano da mutumin Kumasi duk ƙarƙashin tuta ɗaya suke, ba wanda ke neman fasfo a hannun wani. Ga gonakin koko na neman hannu, ga ma'adinan zinariya, ga kasuwar shanu. Ƙidayar 1960 ta nuna kimanin kashi 12 cikin ɗari na mazauna Gana asalinsu daga wata ƙasa ne.

Samun 'yancin kai a 1957 shi ya zo da sabuwar tambaya: wane ne ɗan ƙasa? Dokar wannan shekara ba ta tsaya ga wurin haihuwa kaɗai ba, sai da ta nemi a ce cikin iyayen mutum ko kakanninsa akwai wanda aka haifa a Gana. Yaron da aka yanke wa cibiya a zango, in uwa da uba daga Katsina suka zo, baƙo ne a idon doka. Tun a shekarar aka ga inda za a iya kai wannan magana. Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan suna cikin jagororin jam'iyyar Musulmi da ke adawa da Kwame Nkrumah. Gwamnati ta ba da umarnin a kore su zuwa Najeriya, suka garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne. Kafin alƙali ya yanke hukunci, majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayen mutanen nan biyu, aka rufe shari'ar, aka fitar da su. In har za a yi wa Sarkin Zango haka, to ina ga mai tallan goro?

A 1963 aka yi dokar baƙi wadda ta wajabta wa kowane baƙo mallakar takardar izinin zama. Amma dokar a littafi ta kwanta. Ba a buɗe ofisoshi a zanguna ba, ba a bi ƙauyukan koko ana rajista ba, ba a kira sarakunan zango an ce su kawo mutanensu ba. Talaka ya ci gaba da rayuwarsa yadda ya gada: yana biyan haraji, yana biyan kuɗin rumfa, sarkinsa ya san shi, limaminsa ya san shi. Shekara shida hukuma na kallo ba ta ce uffan ba. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, bashi ya yi katutu, matasa suka rasa aiki, sai aka waiwayi baƙo. Gwamnatin soja da ta gabaci Busia ta fara da keɓe wa 'yan ƙasa wasu sana'o'i a 1968, Busia kuma, bai fi wata biyu da hawa mulki ba, ya ce a aiwatar da dokar 1963 cikin kwana goma sha huɗu.

Matar kawuna, wadda muke kira Inna, a zangon Kumasi aka haife ta, a can aka yi mata aure, Tonanci a bakinta kamar ruwa. Ta sha ba mu labarin makonnin nan. Takardar zama ba ta samuwa sai da fasfo, fasfo kuwa sai an je ofishin jakadanci a Akara. Kawuna ya bar rumfarsa ya tafi, ya tarar da layi ya zagaye titi, mutane na sahur a wurin suna shan ruwa a wurin, ya dawo hannu rabbana. Sai aka shiga sayar da kaya. Ta ce keken ɗinkinta da gadon ƙarfenta da tasoshin aurenta, wanda ya taya da abin da bai kai rabin kuɗinsu ba shi ya ɗauka, saboda kowa sayarwa yake, ba mai saye. Huhun goron da ya rage a rumfa kyauta aka bar wa wata Batoniya maƙwabciyarsu, wadda ta raka su tasha tana kuka. Suka hau babbar mota a kan kaya, ita da goyo, suka yi kwanaki a bakin iyakar Aflawo cikin rana da ƙura, gari da sukari ne abin buɗa baki, kafin a bar su su ratsa Togo da Dahome. Najeriyar da suka shigo kuwa tana cikin yaƙin basasa. Da suka iso Kano, matan gida suka riƙa yi wa Hausarta dariya, don ba ta bambanta "ya zo" da "ta zo", kuma har ta rasu 'yar Gwanja ake ce mata.

Gana ba ta ci ribar da ta zata ba. An raba wa 'yan ƙasa rumfunan waɗanda suka tafi, amma gonakin koko suka rasa ma'aikata, kuma rashin aikin yi bai gushe ba. A Janairun 1972 Kanar Acheampong ya kifar da Busia.

Ba zan tsaya a kan Gana kaɗai ba, don mu ma a Najeriya mun aikata. A 1975 aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas, a 1979 kuma aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta yankin damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Kuɗin mai ya jawo dubban mutane Najeriya, ba wanda ya damu da takardunsu muddin ana buƙatar malamin makaranta da magini. Da farashin mai ya faɗi, ranar 17 ga Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida Alhaji Ali Baba, a gwamnatin Shehu Shagari, ya ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran har da 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru. Wa'adi iri ɗaya, dalili iri ɗaya, hanyar Aflawo ita ce dai. A 1985 gwamnatin Buhari ta sake yin wata korar. Wanda ya ce ramuwa ce bai lura da wanda aka rama a kansa ba: talaka ne a karon farko, talaka ne a karo na biyu.

Yau abubuwa sun sauya ƙwarai. Dokar shige da fice ta Gana ta shekarar 2000 ta tanadi izinin zama na dindindin ga wanda ya cika sharuɗɗa. A 2017 aka kafa asusun raya zanguna. Babban limamin ƙasa tun 1993, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, haifaffen Akara ne mai asalin Hausa, kuma Kirista da Musulmi na girmama shi. Duk da haka, ɗan zango da ya je neman fasfo ko katin ɗan ƙasa yakan sha tambayoyin da ba a yi wa wani: ina ne garinku na asali, a ina aka haifi kakanka. Sunansa kawai ya isa a tsaya a sake duba shi.

Ba na musun cewa hukuma na da haƙƙin sanin wanda ke zaune a ƙasarta. Maigida ma ba ya sauke wanda bai sani ba. Amma maigida yakan yi tambayarsa ranar da baƙo ya iso, ba bayan shekara arba'in ba, kuma in ya karɓe ka ya ɗauki nauyinka ke nan. Gwamnatin da ta karɓi harajin mutum, ta ci gumin aikinsa, ba ta taɓa buɗe masa ƙofar da zai nemi takarda ba, ba ta da bakin kiransa mai karya doka. Duk ƙasar da ke son baƙi su yi rajista, to ta kai ofis inda suke, ta sassauta kuɗin, ta ba da lokacin da ɗan'adam zai iya cikawa, ta kuma yanke magana a fili kan waɗanda aka haifa a cikinta.

Mu kuma da ke da dangi a Kumasi da Akara, ko Abijan da Yawunde da Gadarif, mu daina cewa ai kowa ya san mu a unguwa. Kawuna ma kowa ya san shi. A yi wa jariri takardar haihuwa tun kafin a watse daga suna, a sabunta izinin zama kafin ya ƙare, a adana takardun gida da na haraji inda ruwa da gara ba za su taɓa su ba, a kuma rubuta wa yara inda aka haifi iyayensu da kakanninsu tun masu sanin suna raye. Ranar da hukuma ta tashi tambaya, shaidar maƙwabta ba ta wadatarwa.