Masu Sauraron Teku

A shekarar 1917, a sansanin sojan ruwa na Tulon da ke kudancin Faransa, wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Robert Wood ya tsaya gaban wani babban tankin ruwa yana kallon gwajin da Bafaranshe Paul Langevin ke yi. Langevin ya ƙera wata na'ura mai harba sauti cikin ruwa, sauti mai tsinin da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa. Wood ya ba da labari daga baya cewa ƙananan kifayen da suka gifta ta gaban na'urar nan take suka mutu, wanda kuma ya tsoma hannunsa a wurin sai ya ji zogi har cikin ƙashi. Babu wanda ya damu da kifayen a ranar. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen kaya ba ƙaƙƙautawa, abin da ake nema ido rufe shi ne hanyar gano abokin gaba a inda ido ba ya aiki.

Haske ba ya nisa a teku. Da an wuce mita 200 ƙasa sai duhu ya fara rufewa, a mita 1,000 kuwa dare ne da ba ya wayewa. Sauti shi ne sarki a can. Tun 1826 Daniel Colladon da Charles Sturm suka auna gudunsa a Tafkin Janeba: aka buga ƙararrawa a cikin ruwa daga wani kwalekwale, aka kasa kunne da dogon bututu daga wani kwalekwalen mai nisan kilomita goma sha wani abu, suka sami kimanin mita 1,435 a daƙiƙa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. Bayan jirgin Titanic ya ci karo da dutsen ƙanƙara a 1912, Reginald Fessenden ya ƙera na'urar da a 1914 ta gano irin wannan dutse daga nisan kilomita uku, ta hanyar tura sauti da jiran amsa-kuwwarsa. Daga aikinsa da na Langevin aka sami abin da yau ake kira sona, aka kuma sami wata sabuwar sana'a: mutum ya zauna a ɗan ƙaramin ɗaki a cikin jirgin yaƙi, da abin sauraro a kunne, yana rarrabe ƙarar farfelar abokin gaba da ta aboki.

Waɗannan masu sauraro sun shiga aiki da zaton cewa teku shiru take, duk abin da aka ji na mutum ne. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojan ruwan Amurka suka jera makirfon ƙarƙashin ruwa a bakin mashigin Chesapeake don gano jiragen Jamus. Da bazara ta shigo, kullum yamma sai wani gurnani ya cika na'urorin, har ƙarar jirgi ma ba a ji. Aka yi ta neman dalili kafin a gane cewa taron wasu kifaye ne da ke shigowa mashigin a wannan lokaci na shekara. A wasu wuraren kuma ƙananan jatan lande ne masu ƙyasta ƙafa ke cika ruwa da ƙas-ƙas dare da rana. Bayan yaƙi rundunar ta ɗauki nauyin binciken wata masaniya, Marie Poland Fish, ta jihar Rhode Island, wadda ta shafe shekaru tana naɗar muryar kifaye ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna cewa wasu suna kaɗa jakar iskar da ke cikinsu da tsoka, wasu suna gurza haƙora. Littafin da ta fitar da William Mowbray a 1970 ya ƙunshi sautin nau'in kifi sama da 150.

Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Duk Basarken da ya taɓa cire kurungu daga koma ya ji kukan da yake yi idan ya motsa ƙayar gefensa, kuma masunta sun daɗe da sanin cewa kifi na ji, shi ya sa ake dukan ruwa a koro shi cikin taru. Amma duk da haka, lokacin da Jacques Cousteau ya fitar da fim ɗinsa na ƙarƙashin teku a 1956, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Kan, sunan da ya ba shi yana nufin duniyar shiru, kuma haka jama'a suka ɗauka.

Abin da ya rushe wannan zato daga hannun soja ya sake fitowa. A 1944 Maurice Ewing da Lamar Worzel sun gano cewa a zurfin kusan kilomita guda akwai wani sashe na ruwa da sanyi da nauyin ruwa suka mayar hanyar sauti: suka fasa ɗan ƙaramin nakiya a ciki, aka ji shi daga nisan fiye da kilomita 1,600. A kan wannan ilimi Amurka ta shimfiɗa kunnuwan asiri a ƙasan Atilantika don bibiyar jiragen Tarayyar Sobiyet. Wani injiniya a tsibirin Bamuda, Frank Watlington, yana aikin sauraro a shekarun 1950 sai ya riƙa jin wasu muryoyi masu hawa da sauka, masu tsawo. Ya gane cewa na wel ne, wato manyan dabbobin teku masu siffar kifi da ke shaƙar iska suna shayar da 'ya'yansu nono, kuma na irin mai doro ne. Ya adana faya-fayan shekara da shekaru, sai a shekarun 1960 ya miƙa su ga Roger Payne da matarsa Katy. Payne da Scott McVay suka gano cewa muryoyin suna da tsari, baiti na bin baiti, kuma dabbar tana maimaita su daga farko. Faifan garmahon muryoyin da aka fitar a 1970 ya sayu fiye da dubu ɗari, a 1979 kuma mujallar National Geographic ta raba kwafi sama da miliyan goma. Mutanen da ba su taɓa ganin wel ba suka fara fafutukar hana farautarsa, har hukumar duniya mai kula da wannan farauta ta amince da dakatar da ita a 1982.

A ganina, aikin Payne mafi muhimmanci shi ne wanda aka fi yi wa dariya. A 1971 shi da Douglas Webb sun lissafa cewa kiran wani babban wel da ake ce wa fin, kira mai kauri ƙwarai a ƙarshen abin da kunnenmu ke kamawa, yana iya tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma kafin zuwan jiragen farfela yana zarce haka nesa ba kusa ba. Ma'ana, garke guda na iya warwatsuwa a faɗin teku amma suna jin juna, mu kuma mun tsuke musu wannan fili ba tare da mun sani ba. Masana da yawa suka yi watsi da maganar. Sai bayan ƙarewar Yaƙin Cacar Baka, da sojan ruwa suka bar Christopher Clark na Jami'ar Cornell ya saurara da kunnuwansu na asiri, aka tabbatar ana jin waɗannan kiraye-kiraye daga nisa mai ban mamaki.

Yawancin ƙarar jirgin kaya daga farfela take fitowa. Idan tana juyawa da ƙarfi sai ta haifar da dubban kumfa da ke fashewa nan take, kuma kaurin wannan ƙara ya yi daidai da kaurin muryar manyan wel. Masu binciken da suka kwatanta naɗin 1964 zuwa 1966 da na 2003 zuwa 2004 kusa da tsibirin San Nicolas a Kalifoniya sun tarar ƙarar ta hau da desibel 10 zuwa 12, wato ƙarfinta na ninkawa kusan duk shekara goma. Wanda ya taɓa ƙoƙarin kiran ɗansa a gefen injin niƙa ya san halin da ake ciki, sai dai shi injin niƙa ana kashe shi da dare. Kusan kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya ta teku suke bi, har da atamfa da babura da wayoyin da ake saukewa a Apapa da Kwatano da Lome a hauro da su arewa. Muna da hannu a ciki, ko da ba mu taɓa ganin gaɓar teku ba.

Ƙarar jiragen kaya ba ta barin gawa a gaɓa, shi ya sa aka daɗe ba a kula ta ba. Sona ce ta bar gawa. A watan Mayun 1996 wel masu tsinin baki guda 12 suka faɗo gaɓar yammacin Girka a daidai kwanakin da wani jirgin binciken ƙungiyar NATO ke gwajin sona a yankin. Waɗannan dabbobi ba 'yan gaɓa ba ne; su ne zakarun nutso, an auna ɗaya ya kai zurfin mita 2,992, wani kuma ya yi minti 222 bai leƙo ba. A ranakun 15 da 16 ga Maris 2000 abin ya sake faruwa a Bahamas, dabbobi 17, ɗaya ma a gaban gidan Ken Balcomb, masanin wel wanda shi kansa tsohon jami'in sauraro ne na sojan ruwan Amurka. Ya san abin da ya kamata a adana. Ya yanke kawunan waɗanda suka mutu, ya daskarar da su, aka kai Boston inda masaniya Darlene Ketten ta ɗauki hoton cikinsu, aka ga jini ya zuba kewayen kunnuwa da ƙwaƙwalwa. A Disambar 2001 rundunar ta amince cewa sonar jiragenta ce mafi kusantar zama sanadi. Ina girmama Balcomb a kan wannan, domin gidan da ya koya masa sana'a ya tsaya ya ba da shaida a kansa.

Amma Hausawa na cewa jiki ya fi kunne ji, kuma haka ta kasance a Tsibiran Kanari, waɗanda mafi kusa a cikinsu bai fi kilomita ɗari daga gaɓar Maroko ba. Ranar 24 ga Satumba 2002, sa'o'i kaɗan bayan fara amfani da sona a wani atisayen sojan ruwa na ƙasashe da dama, wel 14 suka maƙale a gaɓar Fuerteventura da Lanzarote. Likitocin dabbobi na Jami'ar Las Palmas, ƙarƙashin Antonio Fernández, suka feɗe su tun gawarwakin ba su lalace ba. Suka tarar da kumfar iska da ɗigon kitse sun toshe jijiyoyin jini, ga zubar jini a ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa, irin cutar da ke kama mai nutso idan ya taso sama da gaggawa. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi yanzu shi ne tsoro: dabbar ta ji ƙarar, ta firgice, ta rikita tsarin nutsonta, sai iskar naitirojin da ke jininta ta zama kumfa. A Yulin 2004 wasu huɗu suka sake mutuwa bayan wani atisayen. A shekarar 2004 ɗin Sifaniya, mai mulkin tsibiran, ta hana amfani da irin wannan sona kewayensu, kuma a 2013 Fernández da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa tun daga lokacin ba a sake ganin irin wannan mutuwar taro ba. A Amurka kuwa, da maganar ta kai Kotun Ƙoli a 2008, sojan ruwa aka ba gaskiya.

Shaidar illar jiragen kaya ta zo ne ta hanyar da babu mai fata. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 zirga-zirgar jirage ta ragu a mashigin Fundy na Kanada, inda wani nau'in wel da yau bai kai 400 ba a duniya ke kiwo. A lokacin Rosalind Rolland tana tara kashin dabbobin don auna sinadaran jikinsu, Susan Parks kuma tana naɗar muryoyinsu, kowacce da nata aikin. Shekaru bayan haka suka haɗa bayanan: ƙarar ruwa ta sauka da desibel 6 a kwanakin, sinadarin damuwa a kashin ma ya sauka. An buga sakamakon a 2012. Daga irin wannan ne tashar jiragen Vancouver ta fara, a 2017, roƙon manyan jirage su rage gudu a mashigin Haro, kuma ƙarar ta ragu. Hukumar sufurin teku ta duniya ma ta fitar da shawarwari a 2014 ta sabunta su a 2023, sai dai ba su zama dole a kan kowa ba.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne neman man fetur a ƙarƙashin teku. Da can da nakiya ake yi. Tun shekarun 1960 aka koma bindigar iska, jere-jere a bayan jirgi, tana tashi duk bayan daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, dare da rana, makonni ko watanni, ana karanta duwatsun ƙasa daga amsa-kuwwar. A wani gwaji da masana Norwe suka yi a Tekun Barents, wanda aka buga a 1996, kamun masunta ya ragu da kusan rabi a faɗin yankin, kuma kwana biyar bayan an daina harbi bai dawo ba. A 2017 aka nuna a gaɓar Tasmaniya cewa harbin na kashe ƙananan halittun da kifi ke ci har nisan kilomita 1.2. Kunnuwan da aka dasa a tsakiyar Atilantika sun ji irin wannan harbi daga nisan kusan kilomita 4,000, wani daga gaɓar Senegal da Muritaniya. Wel mai doro kuwa a ruwan Mashigin Gini yake zuwa haihuwa duk damina, ruwan da jiragen neman mai suka yi shekaru suna kai-kawo a ciki, kuma a gaɓar arewacin Angola an tarar masu rera waƙar suna raguwa idan ƙarar harbin ta ƙaru.

A gabashin Afirka ta Kudu masunta da mutanen ƙauyukan gaɓa ne suka tashi, lokacin da kamfanin Shell ya kawo jirgi a ƙarshen 2021 don irin wannan aiki. Suka ce ba a tuntuɓe su ba, alhali abincinsu daga ruwan yake, kuma a al'adarsu kakanninsu a cikinsa suke. Babbar kotun Makhanda ta dakatar da harbin a watan Disamba, jirgin ya juya, a ranar 1 ga Satumba 2022 kuma ta yanke cewa ba bisa ƙa'ida aka ba da izinin ba. Shari'ar ta ci gaba a kotunan ɗaukaka ƙara, biyu daga cikin jagororin mutanen, Nonhle Mbuthuma da Sinegugu Zukulu, suka karɓi kyautar Goldman ta kare muhalli a 2024.