Daga Bedford zuwa HOWO: Manyan Motocin da Suka Yi Dakon Ƙasar Kabi

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ƙasar Kabi ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, daga nan bai ƙara gaba ba har yau. Saboda haka duk buhun shinkafar da aka noma a fadamun Gwadangaji da Zauro da Ambursa da Argungu, duk albasar Aliero, duk busasshen kifin Yawuri, a bayan babbar mota suke barin gida, su hau babbar hanyar da ta bi ta Jega da Koko da Kwantagora zuwa kudu. Simintin Kalambaina da takin zamani da man fetur kuma ta kan taya suke shigowa. Yankin da ke rayuwa a haka ya cancanci ya san tarihin motocin da ke ɗauke da arzikinsa. Abin da wannan tarihi ke nunawa, a ganina, shi ne ba kamfanin da ya fi ƙwarewa a ƙira ne ke cin kasuwa a nan ba. Motar da ke ci ita ce wadda bakanike da mai walda da kafinta za su iya rayawa da hannunsu, kuma gwamnatocinmu sun yi asarar shekaru masu yawa don sun kasa ganin cewa waɗannan masu sana'a su ne tushen masana'antar da suke ta nema.

Kafin mota, kwale-kwale ne ke bin gulbi lokacin da ruwa ya cika, jakuna da raƙuma da takarkarai kuma su ɗauki sauran zuwa kasuwar Jega. Da Turawan mulkin mallaka suka fara gyara hanyoyi, manufarsu ita ce a kai gyaɗa da auduga da fatu bakin tashar jirgi, don haka motocin farko 'yan aiken dogo ne kawai. Daga baya da yawansu daga Ingila suka riƙa zuwa, irin su Bedford da Austin da Leyland, domin galibin kamfanonin cinikin da ke shigo da su na Ingila ne, kuɗin ma fam ne. Amma akwai wani abu da ake yawan mantawa: galibi ba cikakkiyar mota ake saukewa a tashar ruwa ba. Inji ne da shasi da gaban mota, sauran kuwa aikin kafintocin gida ne, su ne ke kafa bodin katako, su ɗaga bangonsa yadda zai ci buhuna, su bar wurin da fasinja za su raɓa, mai fenti ya zo ya zana dawisu ko zaki ya rubuta addu'a a goshi. Tun daga ranar farko, ke nan, rabin motar da ke shiga Birnin Kebbi ƙirar Najeriya ce.

Motar da ta kori na Ingila daga hanya ita ce Mercedes mai gajeren hanci, wadda kowa ya sani da 911, kuma labarin ƙirarta abin lura ne. A ƙarshen shekarun 1950 gwamnatin Jamus ta Yamma ta tsaurara doka kan tsawon manyan motoci. Duk abin da hancin mota ya ci an rage shi ne daga wurin lodi, sai kamfanin ya tura injin baya ya shige ɗakin direba, ya bar ɗan gajeren hanci a gaba, ya fito da wannan ƙira a 1959. Turai ba ta daɗe da ita ba, ta koma ga motoci marasa hanci gaba ɗaya, inda direba ke zaune bisa injin, irin ƙirar da DAF da MAN da Scania da Volvo ke yi har yanzu. Amurka kuwa ta sassauta tata dokar tsawon a 1982, shi ya sa Mack da Kenworth da Peterbilt suka ci gaba da dogon hanci. Dokar hanya ce ta zana fuskar mota a kowace nahiya, ba son ran injiniya ba. To amma abin da Jamus ta ƙera don kauce wa dokarta ya zo ya dace da hanyar burji ta Afirka kamar an auna. Injinta ba shi da sarƙaƙiya, famfon mai na ƙarfe ne da ake kwancewa a gyara, sufirin ɗinta kuwa maƙeri na iya ƙara masa ganye. In ta lalace tsakanin Koko da Yawuri, direba da yaron mota su buɗe hanci su yi abin da za su iya har a kai gareji. Kamfanin ya ci gaba da ƙera ta domin kasuwannin waje har tsakiyar shekarun 1990, bayan Turawa sun daɗe da mantawa da ita.

Lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa a shekarun 1970, gwamnatin tarayya ta yanke shawarar a riƙa haɗa manyan motoci a cikin gida. Aka kafa masana'antu huɗu tare da kamfanonin waje: Leyland a Ibadan, ANAMMCO ta Mercedes a Inugu, National Trucks Manufacturers ta Fiat a Kano, da Steyr ta ƙasar Ostiriya a Bauchi, mai haɗa motoci da taraktoci. Niyyar mai kyau ce. Sai dai kusan duk abin da ke da nauyi a jikin motar, inji da giya da aksil, a cikin akwatuna yake zuwa daga Turai, ma'aikatanmu su ɗaure kusoshi. Muddin naira na da ƙarfi, ba wanda ya ga aibin tsarin. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta zube, akwatunan nan suka fi ƙarfin masana'antun, sabuwar mota kuma ta fi ƙarfin mai sufuri. Wasu kamfanonin Turai ma a can gida ba su tsira ba: Bedford ta daina ƙera manyan motoci a daidai wannan lokaci, Leyland ta haɗe da DAF a 1987, DAF ɗin ta karye a 1993 kafin kamfanin Paccar na Amurka ya saye ta a 1996. Gurbin da aka bari tsofaffin motocin Turai suka cike, DAF da MAN da Iveco waɗanda suka gama aikinsu a Holan da Jamus, aka sauke su a Legas ko Kwatano. Abin da ya raya su a nan shi ne kasuwannin kayan gyara irin Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna, da masu walda da suka koyi ƙera bodin tirela tun daga ƙarfen farko.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wannan magana tana cikin labarin Steyr. Kamfanin da ya zo Bauchi shi ne kuma ya ƙulla yarjejeniya da ƙasar Sin a 1983, 'yan shekaru bayan zuwansa Najeriya. Amma Sinawa ba akwatuna suka saya ba, ilimin ƙirar suka saya. Suka raba aikin tsakanin masana'antunsu, wasu na zuba injin, wasu giya, wasu aksil, suka yi shekaru suna fama da kurakurai har suka iya. Injin WD615 da ya daɗe a ƙirjin motocin Sinotruk na birnin Jinan daga zanen Steyr ya samo asali, haka ma motocin Shacman. Sinotruk ta fito da HOWO a 2004, a 2009 kuma kamfanin MAN na Jamus, wanda tuni ya haɗiye sashen manyan motoci na Steyr, ya sayi kashi 25 cikin ɗari na hannun jarinta. Yau HOWO ce ta cika hanyar Sakkwato zuwa Jega da siminti. Wato jikar motar da aka taɓa haɗawa a Bauchi ce muke saye da dala daga Jinan.

Mai ja zai ce kwatancen bai yi adalci ba. Sin na da ƙarfenta, tana da kasuwar da ta ninka tamu sau da yawa, tana da gwamnatin da ke iya hana shigo da motar waje shekara da shekaru, mu kuwa masana'antar ƙarfe ta Ajakuta ma ba a kammala ta ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba na cewa da Bauchi ta zama Jinan. Amma tsakanin zuba injin da ɗaure kusoshi akwai fili mai faɗi, kuma a wannan filin muna da mutane tun zamanin Bedford. Bodi, sufirin, tankin mai, lagireto, ganga da takalmin birki, kujeru, duk abubuwa ne da masu sana'ar gareji ke gyarawa ko kwaikwaya da kayan aiki marasa kyau, ba lantarki tsayayye, ba bashin banki, ba ma'aunin inganci da wata hukuma ta koya musu. Da masana'antun nan huɗu sun ɗauke su a matsayin masu kawo musu kaya, suka horar da su, suka ɗora musu sharaɗin inganci, da faɗuwar naira ba ta kashe komai lokaci ɗaya ba, domin da akwai kaso mai tsoka na motar da ba ya buƙatar dala. An gina masana'anta a gefe guda, sana'a na gefe guda, ba wanda ya haɗa su.

Wani kuma zai ce yabon tsohuwar mota da dabarar gareji yabon hatsari ne. Wannan ƙorafi ya fi na farko nauyi, kuma duk wanda ya san hanyar Yawuri ba zai raina shi ba. Ganyen sufirin da maƙeri ke ƙarawa shi ne ke ba mai mota damar ɗora lodin da ya wuce ƙarfin birki, a jera mutane kuma bisa buhuna ko bisa shanu, in taya ta fashe a yi jana'izar gari guda. Lodin da ya wuce ƙima shi ne ke farfasa kwalta tun ba ta shekara biyu ba, alhali ƙasashen yammacin Afirka sun amince da iyakar nauyin da kowane aksil zai ɗauka, aiwatarwa ce ta gagara. Amma a dubi inda laifin yake. Bakanike bai ƙirƙiro tsadar man dizal ba, bai kafa shingayen karɓar kuɗi a hanya ba, kuma ba shi ya hana a kawo dogo ba. Waɗannan ne ke sa mai mota ya ga in bai ninka lodi ba ba zai fita ba. Ƙwarewar da ke iya ƙarfafa mota ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, ita ce kuma za ta iya gyara birki yadda ya kamata in akwai ma'aunin nauyi a hanya da mai duba mota da ba ya karɓar na goro. Dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021 ta Katsina da Jibiya zai bi, bai leƙo Kabi ba, saboda haka maganar a jira jirgi ba amsa ba ce ga manomin Gwadangaji.

Buƙatar ma ƙaruwa ta yi. Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Kebbi a Nuwamban 2015, aka zo da shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi a 2016, aka buɗe kamfanin casa na WACOT a Argungu a 2017 ga kuma na Labana a Birnin Kebbi, dakon shanshera da na gyararriyar shinkafa ya zama babbar sana'a. Sai dai motocin da Turai ke sallamowa yanzu ba irin na da ba ne. An ƙera su ne bisa dokokin hayaƙi masu tsauri, kwamfuta ce ke sarrafa man da ke shiga injin, kuma ba sa jure gurɓataccen dizal. In irin wannan ta tsaya a Kalgo, kunnen bakanike da sifanarsa ba su isa ba, sai an nemo mai na'urar bincike daga wani gari. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu sufuri da yawa ke karkata ga motocin Sin, waɗanda ake samu sababbi da rahusa, da inji mai sauƙin kwancewa da kayan gyara a kusa, ko da direbobi na cewa ba su kai DAF jure shekaru ba. Kamfanin Ɗangote ya haɗa gwiwa da Sinotruk ya kafa wurin haɗa motoci a Ikeja, wato an sake komawa kan matakin da Bauchi da Kano suka tsaya a kai shekaru arba'in da suka wuce. Abin da ya kamata a riƙa tambaya game da wannan masana'anta shi ne kashi nawa na kowace mota ake ƙerawa a Najeriya bana, kashi nawa za a ƙera baɗi, kuma ko makarantun koyon sana'a, irin kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, sun fara koya wa yaran gareji karanta na'urar da za su tarar a cikin motocin da ke tafe.